Manna a Kan Rufin Ɗaki

   

Karatunmu na yau yana cikin Littafin Fitowa, sura 16. Wanda yake da Littafi Mai Tsarki kusa, ya buɗe, ya sa yatsa a wurin, domin ku karanta surar duka bayan an rufe shiri. Ni zan faɗi labarin a taƙaice. Isra'ilawa sun yi wata ɗaya da barin Masar, guzurinsu ya ƙare, suka fara yi wa Musa da Haruna gunaguni. Sai Allah ya ba su abinci ta hanyar da ba su taɓa gani ba. Kowace safiya, in raɓa ta ɗauke, sai su tarar da wani abu fari, ƙanana ƙanana, a shimfiɗe kewaye da zango. Suka sa masa suna manna. Allah kuwa ya haɗa kyautar da dokoki. Kowane gida ya fita da kansa ya tara. A auna da mudu, mudu ɗaya domin kowane mutum. Kada a ajiye don gobe, sai a rana ta shida kaɗai za a tara na kwana biyu saboda Asabar. Waɗanda suka ƙi ji suka ɓoye saura, da gari ya waye abin ya yi tsutsa, ya yi wari. Haka suka ci shekara 40.

Abin da nake so mu yi magana a kansa yau shi ne wutar sola, wato wutar da ake samu daga hasken rana. Na san wani dattijo zai gyara zama ya ce, “Mai bishara, me ya haɗa wa'azi da kayan wuta?” Baba, ka yi mini haƙuri kaɗan. Abin da ya shafi kuɗin gida, da lafiyar yara, da sa'ar da iyali suke buɗe Maganar Allah da dare, ya shafi ikkilisiya.

Bari mu fara da rana kanta. A Farawa sura 1, daga aya 14 zuwa 19, an nuna mana cewa a rana ta huɗu ne Allah ya yi manyan haskoki biyu, ya ba su aikinsu. Ku lura, a wurin ba a ma kira su da suna ba. Al'umman da suke kewaye da Isra'ila suna yi wa rana sujada, Masarawa ma haka, saboda haka Maimaitawar Shari'a 4:19 ta ja wa jama'ar Allah kunne a kan wannan. Duk da haka suka faɗa ciki, har sai da sarki Yosiya ya kawar da dawakan da aka keɓe wa rana a ƙofar Haikali, ya ƙone karusanta, kamar yadda 2 Sarakuna 23:11 ya nuna. Mu ma kakanninmu sun dubi rana da girmamawa ƙwarai. 'Yan'uwanmu Berom suna kiran Allah Dagwi, ma'anarsa kuwa Uban rana. Sunan ya faɗi gaskiya, gama rana tana da Mai ita. A Hausa kalmar baiwa tana da ma'ana biyu, akwai baiwa ta kyauta, akwai baiwa mai yin bauta. To, rana duka biyun ce. Kyauta ce daga Allah, kuma ma'aikaciya ce da ya sa ta yi wa 'yan adam hidima. Tana nesa da mu wajen kilomita miliyan 150, amma haskenta yana isowa kan rufinka cikin minti takwas da 'yan daƙiƙu, ba ta kuwa taɓa aiko wa kowa da takardar biyan kuɗi ba. Da ita muke shanya masara da acca da barkono tun zamanin kakanni. Wanda ya ɗora farantin sola a rufinsa, ƙarin aiki kawai ya ba baiwar gidan Ubansa.

Yanzu mu dubi abin da duhu yake ci mana. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Kafin ranar nan litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Kafin 2024 ta ƙare, ta haye naira 1,000 a wurare da yawa. Kananzir kuwa, wanda iyayenmu mata suka saba saye a kwalba, ya riga fetur hayewa dubu. Wutar da har yanzu muke kira NEPA, ko da yake an canja mata suna tun 2005, an kuma sayar da kamfanonin rarraba ta a 2013, ƙauyukanmu da yawa ba su taɓa ganin turakunta ba. Waɗanda suke da ita ma sun tuna watan Oktoba na 2024, sa'ad da jihohin Arewa da dama suka yi fiye da mako guda cikin duhu saboda manyan layukan wuta sun lalace.

Ka ɗauki fensir, mu yi lissafi tare. A ce kana da ƙaramin janareton nan da ake haɗa masa fetur da baƙin mai, kana zuba masa lita ɗaya kowane dare, a ce kuma lita naira 1,000 ce. A wata ka ƙone naira 30,000. A shekara ka ƙone 360,000, ban sa kuɗin bakanike da na fulogi ba. Wanda ba shi da janareto, shi ma yana biya ta wata hanya: batirin tocila yau, kyandir gobe, kuɗin cajin waya a shago kowace rana, wani lokaci har da kuɗin babur zuwa garin da ake cajin. Da yake kuɗin yana fita kaɗan kaɗan, ba mu jin zafinsa. Tulu mai yoyo ba ya ƙara, sai dai ka zo sha ka tarar babu ruwa.

Kuɗi ma da sauƙi. Kusan kowace shekara muna jin labarin iyalin da suka kwanta lafiya, aka fasa ƙofa da safe aka tarar da su duka sun mutu, janareto yana cikin zaure ko a bakin taga. An shigar da shi ne don tsoron ɓarawo ko don ruwan sama. Hayaƙinsa yana ɗauke da wata guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki yake bukata, mutum ya ji ciwon kai da kasala, barci ya kwashe shi, shi ke nan. In irin wannan ya faru, sai ka ji ana neman maye, ana zargin kishiya ko tsohuwar da take maƙwabtaka da su. 'Yan'uwa, hayaƙi ne. Ko ba ka ji kome cikin wannan shiri ba, ka ji wannan: kada janareto ya kwana yana aiki a cikin gida, ko a inda hayaƙinsa zai shiga ɗakin kwana.

Fitilar ƙwai da aci-balbal su ma suna da nasu. Ki duba hancin yaronki da safe bayan ya yi karatu kusa da aci-balbal, za ki ga baƙi. Abin da ya tsaya a hanci ke nan, sauran ya wuce ƙirji. Ga gobara in fitila ta faɗi kusa da gidan sauro ko jinka, ga yara ƙanana da suke ɗaukar kwalbar kananzir su sha suna tsammani ruwa ne. Nakan tuna da Ayyukan Manzanni sura 20, inda Bulus ya yi dogon jawabi a Taruwasa har tsakar dare. Luka ya kula ya faɗa mana cewa fitilu da yawa suna ci a benen, sa'an nan ya ba da labarin saurayin nan Aftikos da barci ya kwashe shi a taga ya faɗo. Luka likita ne, ina tsammani ya san abin da zafi da hayaƙin fitilu suke yi wa mutum a ɗaki cike da jama'a. Amma mu masu wa'azi kada mu ɗora wa fitilu laifin duka, tsawon wa'azin ma yana ciki.

To, yaya sola take aiki? A nan ne labarin manna zai taimake mu. Kayan guda uku ne a ƙaramin gida. Akwai faranti, wanda ake kafawa a rufi, shi ne yake juya hasken rana ya zama wuta. Akwai batir, shi ne rumbu. Akwai kuma ƙaramin akwati a tsakaninsu da ake kira kontirola, shi ne mai tsaron ƙofar rumbu, yana hana batir cika fiye da kima, yana kuma hana a kwashe shi ƙaf. Wanda yake so ya kunna kayan da aka yi domin wutar NEPA, kamar talabijin babba ko firji, sai ya ƙara na huɗu, wato inbata. Masana a Amurka ne suka fara yin irin wannan faranti mai amfani a 1954, a lokacin kuwa tsadarsa ta fi ƙarfin kowane gida. Tsakanin 2010 da 2020 farashinsa a duniya ya faɗi da wajen kashi 90 cikin 100, shi ya sa yau kake ganinsa a kan rufin mai shayi.

Manna tana sauka kyauta, amma ba ta shiga tukunya da kanta. Haka hasken rana. A ƙasarmu faranti yana so ya fuskanci kudu, a ɗan karkace domin ruwan sama ya riƙa wanke shi. Ba ya son inuwa ko kaɗan. Reshen mangwaro ɗaya da ya rufe gefensa zai iya rage wutar da yawa, fiye da yadda ido zai zata. Da hunturu ƙura takan kwanta a kansa, saboda haka a sa wani babban yaro ya riƙa goge shi da tsumma mai laushi da ruwa, da sassafe kafin ya yi zafi. Gida da yawa sun ce solarsu ta mutu, alhali ƙura ce kawai da kashin tsuntsu.

Sai batun mudu, a nan ne mutane suka fi yin kuskure. Kowane kayan wuta an rubuta masa yawan wat da yake ci. Ka ninka wat ɗin da awoyin da zai yi a kunne, ka sami mudunsa na yini. Ƙwan fitila irin na zamani mai wat 5, in ka kunna guda uku na awa biyar, sun ci 75. Cajin waya biyu, ka ce 30. Ƙaramar fanka mai wat 20 ta yi awa shida, 120. Rediyon da kake saurarona da shi, abin da yake ci bai taka kara ya karya ba. Duka ba su kai 250 ba. Faranti mai wat 100 kuwa, a ranar da gari ya yi haske sosai, zai tara maka wajen 400. Ka ga mudu ya isa har da saura. Amma dutsen guga na lantarki yana cin wajen wat 1,000. Minti talatin na guga ya cinye 500, ya fi abin da farantin ya tara tun safe. Haka hita ta dafa ruwa. Wanda ya sayi sola ta fitila ya ce sai ta yi masa guga, ya ɗora wa jaki kayan raƙumi. A bar dutsen guga na gawayi ya ci gaba da aikinsa.

Batir kuma ba rumbun shekara ba ne, na kwana ɗaya ne ko biyu. Abin da ka tara yau, na daren yau ne. Batir mai ruwa, irin mai dalma a ciki, ba ya son a sha fiye da rabinsa, in kuwa ana kwashe shi ƙaf kullum, ko aka bar shi kwanaki babu caji, zai mutu da wuri. Ko an kula da shi, bayan 'yan shekaru sai an sake shi. Na litiyam ya fi tsada, ya kuma fi daɗewa nesa ba kusa ba. Batirin mota an yi shi ne domin ya tayar da inji da ƙarfi na ɗan lokaci, ba zai jure aikin dare duka ba. Faranti mai kyau yakan yi shekara 20 ko fiye, saboda haka batir ne ainihin abin da za ka riƙa yi wa tanadi. Tun ranar da aka kafa maka sola, ka fara ajiye wani abu daga kuɗin man da ka daina saye. Ka kuma tuna da rana ta shida. A watan Agusta hadari yakan rufe rana kwana biyu ko uku a jere, musamman a kan tudun Jos da Mambila. A irin kwanakin nan a rage fanka, a bar wuta domin fitila da waya.

Ubangiji Yesu ya ce a Luka sura 14 mai son gina hasumiya ya fara zama ya yi lissafi. Ina roƙonku, kada kowa ya sayar da akuyar kuɗin makaranta ko ya ci bashi mai ruwa domin maƙwabcinsa ya sa faranti huɗu. Akwai 'yar fitilar sola ta hannu mai ƙaramin faranti da wurin cajin waya, a fara da ita. Akwai mai ƙwai uku ko huɗu da rediyo. Akwai kamfanonin da suke bayarwa a riƙa biya wata wata, amma ka sa wanda ya iya karatu ya karanta maka takardar, ka haɗa jimlar abin da za ka biya har ƙarshe, ka kuma sani cewa in ka yi jinkirin biya sukan rufe na'urar daga nesa. Zumuntar Mata ta daɗe da sanin adashi. Mata goma in suka haɗa kai, cikin wata goma kowace tana da fitila a ɗakinta ba tare da bashi ba. Kasuwa kuma cike take da jabu, faranti an rubuta masa wat 200 alhali bai kai rabin haka ba, tsohon batir an yi masa sabon fenti. Ka sayi kaya a wurin mai shago wanda za ka iya komawa gare shi, ka karɓi rasit, ka sa a gwada a gabanka. Mai haɗawa ya sa waya mai kauri da fis, gama siririyar waya takan yi zafi ta ta da gobara. Batir mai ruwa a ajiye shi inda iska take shiga, nesa da wuta da hannun yara. In ya mutu kada a fasa shi a tsakar gida, dalma da ruwan da suke ciki guba ne, a mayar wa masu saye. Ku kuma 'yan'uwa matasa da kuka koyi wannan sana'a, ku yi ta da tsoron Allah. Gwauruwar da ta ba ka kuɗinta ba ta san wat ba, amma Ubangiji ya sani.

Me za ka samu in ka yi haka? Waya tana da caji da tsakar dare sa'ad da naƙuda ta kama uwargida, ko aka ji motsin da ba a gane ba a bayan gari, ana bukatar a sanar da maƙwabta. Ƙwai ɗaya a tsakar gida yana nuna maka kububuwa a hanyar bayan gida kafin ka taka ta. Mutanen Kaltungo da Langtang ba su bukatar in yi musu bayanin wannan. Ɗalibi mai shirin jarrabawa zai yi karatu ba hawaye a idonsa. Mai ɗinki za ta ƙarasa aikin Kirsimati. Kuma babu ƙara, har kana iya jin abin da matarka take faɗa maka.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan. Tun 1932 muke da Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, mun gode wa Allah dominsa, da shi aka yi wa yawancinmu bishara. Bayan haka bayin Allah sun ba da shekaru masu yawa suna fassara Sabon Alkawari zuwa harsunanmu, Berom, Ngas, Mwaghavul, Tarok, Jju, Tyap da sauransu. An yi bikin keɓewa, an yi rawa, an saya. Ina littattafan suke yanzu? Da yawa suna cikin akwati tare da kayan zuwa sujada. In ka tambaya, sai a ce karatun harshe da wuya. Gaskiya ne, yana da baƙaƙe da alamomin da ba mu koya a makaranta ba, sai an zauna an saba. To, yaushe manomi yake da lokacin zama? Da rana yana gona. Lokacinsa shi ne bayan tuwon dare, daidai sa'ad da haske ya tafi. Dattijo mai shekara 60 ba zai iya bambanta ƙananan alamomin nan a gaban aci-balbal ba. Yaranmu kuwa suna tashi da Hausa da Turanci, harshen kakarsu yana zame musu baƙo. Maimaitawar Shari'a sura 6 ta ɗora wa iyaye koyar da 'ya'yansu Maganar a cikin gida, da zama da kwanciya da tashi. Ba a ba Makarantar Lahadi wannan aiki ba, kai aka ba. Ƙwai ɗaya mai haske a kan tabarma, jika yana karantawa a hankali, kaka tana gyara masa furuci, wannan kaɗai ya isa dalilin sayen sola. Wadda ba ta iya karatu ba ma, yanzu akwai Sabon Alkawari na saurare da harsuna da yawa a waya, abin da take bukata caji ne.

Sai dai fa wutar da take haskaka Littafi, ita ce take kunna fim. Na shiga gidajen da kafin su sami wuta suna addu'ar iyali kowane dare cikin duhu, suna rera waƙoƙin da suka haddace. Da wuta ta zo, talabijin ta karɓi wurin, kowane yaro kuma ya shige lungu da waya har ƙarfe ɗaya. Maigida, ranar da aka kunna ƙwan farko, a ranar za ka kafa doka: ga lokacin karatun makaranta, ga lokacin sujadar iyali, ga lokacin da za a kashe kome. In ka bari sai bayan wata uku, ka makara.

Akwai kuma maƙwabci. Bulus ya ɗauko labarin mannan nan a 2 Korantiyawa sura 8 sa'ad da yake koya wa ikkilisiya bayarwa, domin mai yawa ya cike wa mai kaɗan. Da tsakar rana, in batirinka ya cika, sauran hasken da yake sauka a farantin a banza yake tafiya, ba ka da inda za ka zuba shi. A lokacin nan cajin wayar maƙwabciyarka bai rage ka da kome ba. Ka karɓa ka sa mata, ko tana zuwa majami'arku ko ba ta zuwa, ko Kirista ce ko Musulma, gama Matiyu 5:45 ya nuna mana cewa Uban bai tantance rufin da ranarsa za ta faɗa a kai ba. Yaran maƙwabta ma su zo su yi aikin makaranta a ƙarƙashin fitilarka. Dattawan ikkilisiya kuma su duba, kuɗin fetur da ake cirewa daga baiko kowace Lahadi domin lasifika, in aka tara na shekara ɗaya ko biyu, me zai saya?

Ga aikin da zan ba ku wannan mako. Ku sami takarda, maigida da uwargida tare, ku rubuta duk abin da kuka kashe a kan fetur, kananzir, kyandir, batirin tocila da cajin waya, daga yau har kwana bakwai. Ku ninka shi sau 52. Sa'an nan ku je ku tambayi farashin ƙaramar sola a shago biyu ko uku, ku sa lissafin biyu gefe da gefe.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, muna tuna da gidajen da hayaƙi ko gobara ta yi musu rashi, ka ta'azantar da su. Ka tuna da gwauraye da marayu da za su kwana cikin duhu yau, ka tsare ƙauyukanmu cikin wannan dare. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.

Mako mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu, za mu duba 2 Sarakuna sura 4, labarin gwauruwar da mai bin bashi ya zo ɗaukar 'ya'yanta biyu. Ku karanta kafin lokacin. Sai mun sake saduwa, ku huta lafiya.